Hoton Farin Birnin Shikago na 1893: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fasahar da Ke Cikinsa

Duk mai yawan leƙa tsofaffin hotunan bukukuwan baje kolin duniya a intanet, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan ba: ƙaton mutum-mutumin wata mace, ta ba mu baya, tana tsaye a tsakiyar ruwa da hannuwa biyu a sama, fararen gine-gine sun jeru dama da hagu, can ƙurya kuma ga wata ƙubba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Ina ne wannan wuri, kuma yaushe aka ɗauki hoton?

Birnin Shikago ne na Amurka, a dandalin Jackson Park da ke bakin tafkin Michigan, a shekarar 1893. An shirya bikin ne don cika shekara 400 da isar Kolumbus nahiyar Amurka. An buɗe ƙofa ranar 1 ga Mayu, aka rufe ranar 30 ga Oktoba, kuma a cikin watanni shidan nan an ƙirga shigar mutane kimanin miliyan 27. Filin da ke cikin hoton shi ne zuciyar bikin, wanda suka kira Court of Honor, wato farfajiyar karramawa. Saboda farin fentin da aka yi wa gine-ginen ne mutane suka laƙaba wa wurin suna Farin Birni.

Akwai abin da ya kamata mai kallo ya riƙe a ransa: shekara 22 kacal kafin nan, a 1871, gobara ta cinye tsakiyar Shikago. A 1889 kuma Paris ta yi nata bikin, ta kafa hasumiyar Eiffel, duniya ta yi ta zancenta. Mutanen Shikago na da abin da suke so su nuna, kuma hoton nan yana cikin hanyoyin da suka bi suka nuna shi.

Wa ya ɗauke shi?

Charles Dudley Arnold, wanda aka fi sani da C. D. Arnold, haifaffen Kanada mazaunin Buffalo a jihar New York. Gwanin ɗaukar gine-gine ne tun kafin bikin. Daniel Burnham, shugaban aikin ginin, shi ya ɗauke shi aiki tun ana haƙa harsashi, don haka ya san filin tun yana taɓo da katako. Ya ɗauki wannan fuska fiye da sau ɗaya, shi ya sa za ka ga wani kwafin da kwalekwale a ruwa, wani babu. Bayan shekara takwas, shi ne kuma mai hoton hukuma a bikin baje kolin Buffalo na 1901.

Idan na buɗe hoton, me ya kamata in fara kallo?

Kada ka fara da mutum-mutumin, ko da yake shi zai fara fizgar idonka. Fara da layin saman gine-ginen. Dubi na dama, ka dubi na hagu, za ka ga bakin rufinsu yana tafiya a tsayi ɗaya kamar an ja igiya. Magina daban-daban ne suka zana su: na dama, zauren masana'antu, aikin George B. Post ne, na hagu, zauren noma, na kamfanin McKim, Mead da White ne, mai ƙubbar nan ta ƙurya, ofishin hukumar biki, na Richard Morris Hunt ne. Amma tun farko sun yi yarjejeniya cewa bakin rufin kowa zai tsaya a ƙafa 60 daga ƙasa. Aikin Arnold shi ne ya nemo inda zai tsaya wannan yarjejeniya ta fito fili, kuma ya samo.

Layukan nan biyu suna matsowa kusa da juna yayin da suke nisa, bakin ruwan ma haka, dukkansu suna kai ido wuri guda, wato ƙubbar. Idonka zai sauka kan mutum-mutumin da ke kusa, ya zame kan ruwa, ya tsaya a ƙubba, sannan ya dawo ta gefe yana ƙirga ginshiƙai. Ba ka zaɓi wannan hanya ba, an shimfiɗa maka ita ne.

Sai ka lura da nauyi. Abu mai duhu guda ɗaya tak ne babba a gaba, sauran duk haske. Da babu shi, hoton zai zama kamar zanen magini, tsaf amma babu zurfi. Shi ne ya ba ido ma'aunin kusa da nesa. Ruwan kuma yana aiki biyu: ya raba gine-ginen don kada su cunkushe, ya kuma maimaita haskensu a ƙasa, ta yadda rabin hoton na ƙasa bai mutu ba. Wannan ruwa dabarar Frederick Law Olmsted ce, mai tsara filin, wanda ya mai da fadamar bakin tafki tafkuna da magudanai.

Me ya sa ya ɗauki matar ta baya? Ba fuska ake ɗauka ba?

A ganina nan ne gwanintar take. Mutum-mutumin, aikin Daniel Chester French, sunansa Jamhuriya. Tsayinsa ƙafa 65 ban da dakalin da yake kai, an lulluɓe shi da ruwan zinare. Hannun dama na riƙe da dunƙulen duniya da mikiya a kai, na hagu na riƙe da sanda. Yana fuskantar yamma, wajen ƙubbar. Arnold ya tsaya ta gabas, wajen jerin ginshiƙan da suka raba farfajiyar da tafkin Michigan, ya ɗauka daga sama.

Idan ka ɗauke ta ta gaba, ka sami hoton mutum-mutumi kawai, bayansa ginshiƙai da sararin tafki. Idan ka tsaya a bayanta, kai da ita kuna kallon abu ɗaya. Ta zama kamar mai masaukin da ya shige gaba yana nuna maka gidansa. Hannuwan da ta ɗaga, waɗanda daga gaba alamar iko ce, daga baya sai suka koma kamar tana cewa ga shi nan, duba. Akwai hotunan da aka ɗauke ta ta gaba, masu kyau ma, amma wannan ne ya fi zama a ran mutane.

Duk wannan marmara ce?

Ko kusa. Ƙashin ginin ƙarfe ne da katako, fatar kuma wani kwaɓi ne na filasta da siminti da zare irin wanda ake saƙa buhun gyaɗa da shi. Ana zuba shi a mazubi ya fito da siffar dutsen da aka sassaƙa, a manna, a fesa farin fenti. Ba a gina su don su wuce bazara ɗaya ba. Wanda ya je wurin da ƙafarsa yana iya ganin tsaga, da inda ruwan sama ya ɓata fenti. Hoto daga nesa ba ya nuna wannan. A takarda, filasta da marmara launinsu ɗaya, kuma Arnold ya san nisan da zai tsaya don kada asiri ya tonu.

An ce mutum miliyan 27 suka shiga. To ina suke?

Suna nan, amma sai ka matso da ido. Ɗigo-ɗigo ne a bakin ruwa da kan gada, baƙaƙen kaya a kan farin daɓe. Babu fuskar da za ka gane.

Wasu na cewa jinkirin kyamarar wancan zamani ne ya shafe su. Wannan bayani ya fi dacewa da hotunan shekarun 1840 da 1850, lokacin da ake barin idon kyamara a buɗe na dogon lokaci har mai tafiya ya ɓace. Zuwa 1893 farantan gilashin da ake ɗaukar hoto a kansu sun yi saurin da za su iya tsayar da mai tafiya a cikin rana. Abin da kawai za ka gani shi ne ɗan dishi-dishi a jikin wanda ya motsa da sauri, saboda mai ɗaukar gini yakan matse idon kyamara don na kusa da na nesa su fito tar, wannan kuwa yana ƙara lokacin ɗauka. Saboda haka ƙarancin mutane a hoton zaɓi ne: zaɓin sa'a, da zaɓin tsayi. Daga sama mutum ba ya tare gini, sai dai ya zama ma'aunin girmansa.

Ranar 9 ga Oktoba, da aka keɓe wa birnin Shikago, fiye da mutum 700,000 suka shiga. Akwai hotunan wannan rana, farfajiyar ta cika maƙil, hula na gugar hula. Ajiye su gefe da gefe da wannan, za ka rantse ba wuri ɗaya ba ne.

Ni idan na ɗauki dogon gini da waya sai ya riƙa kwantawa baya. Me ya sa nasa ginshiƙan suke tsaye cak?

Saboda kai kana ɗaga kan wayar sama don saman ginin ya shigo, da zarar ka karkata ta kuwa, layukan tsaye sai su fara haɗuwa. Arnold yana aiki ne da babbar kyamarar katako mai zuga-zugi a tsakiya, a kan mariƙi mai ƙafa uku, irin wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle yana leƙawa. A irin wannan kyamara ana barin bayanta a tsaye daidai da bangon ginin, sai a zame idon gaba sama shi kaɗai. Saman ginin ya shigo, ginshiƙi bai karkace ba.

Wani abu kuma: a gilashin da yake leƙawa, hoton a kife yake bayyana, sama a ƙasa. Masu wannan sana'a sukan ce hakan taimako ne, don idan abu ya kife, ido yakan daina ganin "gini" da "mace", ya koma ganin layi da nauyi da haske. Farantin gilashi kuma yana da tsada da nauyi, ba a harba goma a zaɓi ɗaya. Ana iya shafe lokaci mai tsawo ana gyara tsayuwa kafin a buɗe ido sau ɗaya.

Me ya sa sama ta yi fari fat, mutum-mutumin zinare kuma ya yi duhu?

Farantan wancan zamani ba sa ganin launuka daidai wa daida. Shuɗi yana kama su da ƙarfi, rawaya da ja kuwa da rauni. Shuɗin sama sai ya fito kusan fari, gajimare ya narke a ciki, zinare kuma ya fito da duhu fiye da yadda ido ya gan shi. Wanda ya tsaya a wurin ya ga mace mai walƙiya a ƙarƙashin shuɗiyar sama. Mu muna ganin inuwa mai nauyi a gaban farin fili. Rauni ne na kayan aiki, amma ya yi wa hoton rana, don shi ya ba da wannan abu guda mai duhu da muka yi magana a kai.

Ana iya gane lokacin da aka ɗauka?

Ana iya kusanta. Kyamarar tana kallon yamma. Idan bayan mutum-mutumin yana da haske, rana na bayan mai hoto, safiya ce. Idan ya koma baƙar inuwa, ruwan kuma yana ƙyalli, yamma ta yi. Shikago tana arewa sosai, rana tsaka takan karkata kudu, don haka fuskar zauren masana'antu da ke dama takan sha haske, ta zauren noma da ke hagu kuma takan zauna a inuwa yawancin yini. Duba ramukan da ke tsakanin ginshiƙai: inda inuwa ta faɗa a cikinsu, nan ginin ke samun kauri. Haske daga gefe shi ne abokin mai ɗaukar gini.

Na ga ana cewa hoton "filatinam" ne. Mene ne wannan?

Hanyar wanke hoto ce da wani Baturen Ingila, William Willis, ya yi wa rajista a 1873. Maimakon azurfa, ana amfani da ƙarfen filatinam, hoton kuma yana shiga cikin zaren takardar ne, ba ya zama a kan wani shafe mai sheƙi. Ana ɗora takardar kai tsaye a jikin gilashin da aka ɗauka, don haka girman gilashi shi ne girman hoto, babu faɗaɗawa, babu asarar ƙananan abubuwa. Fa'idarsa babba ita ce yawan matakan toka tsakanin fari da baƙi. Ga birnin da kusan komai fari ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne: farin bango daban, farin ginshiƙi daban, farin sama daban, kowanne da nasa. Ba ya kuma koɗewa da sauƙi, shi ya sa kwafin da ke ɗakunan ajiya na Shikago har yau suke garau.

Yawancin abin da ke yawo a intanet daga littattafan tsaraba aka kwafo, waɗanda injin ɗab'i ya buga. Faɗaɗa hoton sosai. Idan ka ga ƙananan ɗigogi a jere kamar raga, bugun inji ne, kuma rabin laushin da ake yabo ya riga ya tafi.

Me ya sa hotunan wannan biki suka yi kama da juna haka?

Don hukumar bikin ta riƙe harkar hoto a hannunta. Arnold da abokin aikinsa Harlow D. Higinbotham, ɗan shugaban hukumar, su ke da izinin ɗauka da sayarwa. Kuɗin shiga biki santi 50 ne, amma wanda ya zo da kyamararsa sai ya biya dala 2 a kowace rana, ninki huɗu ke nan. An hana babbar kyamara, an hana mariƙi mai ƙafa uku. Wato an bar wa baƙo ƙaramar kyamarar hannu irin Kodak, wadda ta fito kasuwa a 1888, aka hana shi duk abin da zai iya gogayya da na hukuma. Jaridu da mujallun masu hoto sun yi ta ƙorafi. Daga baya Burnham ya kawo William Henry Jackson, wanda ya yi suna da hotunan yammacin Amurka, ya ɗauki nasa jerin.

Hotunan 'yan kallo da suka tsira suna da karkata, suna da kan wani a gaba, ga benci, ga masu cin abinci, ga gajiya. Ni ina son su ƙwarai. Amma siffar bikin da duniya ta riƙe, ta Arnold ce.

Kayan baje kolin fa? Ai biki ba gini ba ne kawai.

Suna cikin zaurukan. Na masana'antu kaɗai tsawonsa ƙafa 1,687 ne, faɗinsa 787, da titi a tsakiya da rumfunan ƙasashe dama da hagu. A ciki aka kafa jikin babban madubin hangen taurari na Yerkes. A zauren noma akwai wani cuku daga Kanada mai nauyin laba 22,000. Ɗaukar ciki ya fi wuya: haske daga rufin gilashi yake saukowa, ƙasa duhu, kaya kuma sun yi yawa, kowace rumfa na ƙoƙarin danne maƙwabciyarta. Dabarar da aka fi bi ita ce a hau bene, a sa titin tsakiya ya raba hoton, a bar bakan ƙarfen rufin su tattara hargitsin. Idan kana kallon irin wannan hoto, dubi rufin tukuna. Nan ne za ka ga ainihin ginin, ƙarfe tsirara, wanda filastar waje ta ɓoye.

Me aka bari a wajen hoton?

Da yawa. Zauren sufuri na Louis Sullivan, mai launuka da ƙofar zinare, wanda ya ƙi bin tsarin fari, ba ya cikin farfajiyar. Lilon ƙarfe na George Ferris, mai juyawa kamar ƙatuwar ƙafar keke, mai tsayin ƙafa 264 da ɗakuna 36, kowanne na ɗaukar mutum 60, yana can Midway, wani titi mai tsawon mil guda da aka ware don nishaɗi. A wannan titi aka yi kwaikwayon wata unguwar Alƙahira, aka kuma kafa "ƙauyen Dahomey", inda wani Bafaranshe, Xavier Pené, ya kawo mutane daga ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Benin, ana biya ana kallonsu. A daidai lokacin Faransa na yaƙi da sarkinsu Behanzin.

Baƙaƙen fatar Amurka kuma ba a ba su gurbi a shugabancin bikin ba. Ida B. Wells da Frederick Douglass, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, da wasu abokansu sun wallafa ƙasida a kan haka, ana raba ta a rumfar ƙasar Haiti, inda Douglass yake wakilci. A shekarar ce kuma tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka yi ta rufewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya leƙo cikin hoton. Gefen hoto wuƙa ce, kuma mai riƙe da ita ma'aikacin hukumar bikin ne.

To fasaha ce ko talla?

Duka biyun, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya kore ɗaya ba. An biya Arnold ne ya nuna bikin yadda masu shi suke so a tuna da shi, ya kuma yi aikin da ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba. Tallar ta ci ne saboda fasahar ta kai. Mutanen da ba su taɓa taka Shikago ba sun ga hotunan a littattafai, suka fara tambayar me ya sa garuruwansu ba su da irin wannan tsari. Daga nan salon fararen ginshiƙai da faffaɗan fili ya bazu a gine-ginen gwamnati, har ya shafi sabon tsarin tsakiyar birnin Washington a farkon ƙarni na 20, wanda Burnham na cikin masu zana shi. Sullivan bai ji daɗin haka ba, daga baya ya rubuta cewa ɓarnar da bikin ya yi wa fasahar gini a Amurka za ta kai rabin ƙarni. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, gine-ginen wata shida suka yi a buɗe, hotunan ne suka ci gaba da yawo.

Kwafin da aka sa wa launi fa?

Tun a lokacin ana shafa wa wasu launi da hannu don sayarwa, yanzu kuma kwamfuta ke yi. Suna da daɗin kallo, suna kuma tuna mana cewa matar zinare ce, tutoci na kaɗawa. Sai dai launin ƙiyasi ne, kuma yana rushe ma'aunin haske da duhun da aka gina hoton a kai. Idan fasahar Arnold kake son karantawa, nemi marar launi.

Zan iya zuwa in tsaya inda ya tsaya?

Wurin tsayuwar babu shi. Gobara ta cinye jerin ginshiƙan bakin tafki a Janairun 1894, wata kuma a Yulin shekarar ta lashe manyan zaurukan farfajiyar har da mai ƙubba. Mutum-mutumin ya tsaya shi kaɗai yana lalacewa, har aka ƙone shi a 1896. A 1918 aka kafa ƙaraminsa na tagulla mai ruwan zinare, ƙafa 24, a inda ginin mai ƙubba yake a da, yana nan a Jackson Park har yanzu. Babban ginin bikin da ya rage a filin shi ne zauren zane-zane, wanda aka yi da bulo saboda tsoron gobara, yau gidan tarihin kimiyya da masana'antu ne. Yana can arewacin dandalin, bai ma shiga cikin hoton ba.